Hanta Mai Araha

Bara na faɗi gwajin gudu na shiga aikin kashe gobara. Faɗuwa ta gaske fa, ƙasa warwas, a gaban jama'a. Ranar farko ce ta al'adata, mara na murɗa, ban karya ba, wai ni jaruma. Bana kuma shekaruna sun kai iyakar da ake ɗauka. In na sake faɗi, shi ke nan.

Anti Phoebe, nas ɗin da muke maƙwabtaka a Romi, ta zaunar da ni. "Ke Vicky, ki ji tausayin jikin nan. Kwanakin jini ki ci hanta da ganyen ugu da wake, ki yi tattaki kawai. In ya ɗauke, ki yi gudu iya ƙarfinki. In ya kusa dawowa, ki sassauta." Na ɗauki jan biro na zagaye kwanakin a kalandar coci da ke falo.

Babana, Ishaya, bakanike ne a Kakuri, kuma tun rasuwar Mama shi ke cefane. Maganar mata kuwa, ko a rediyo aka fara ta sai ya tashi neman silifas ɗinsa. Amma ranar da jan biro ya nuna, sai ga shi da hanta a leda. Ya ajiye a kicin yana kallon silin.

"Araha na samu," in ji shi.

Araha a wannan zamanin? Haba Baba!

Ashe ya ƙirga. Yadda yake rubuta wa masu mota ranar canjin baƙin mai a kati, haka ya bi kalandar da fensirinsa mai maiƙo, kwana ashirin da takwas-takwas, har Disamba. A lissafinsa, sai bayan gwaji abin zai zo. Kowace safiya yana bina a babur ta hanyar Kakau, ina gudu yana danna mini hon kamar na ci bashinsa.

Ana jibi gwaji, abin ya zo, mako guda kafin lokaci. Na zauna bakin gado ina kuka, tsoron bara ya dawo mini sabo. Baba na waje ya ta da babur yana ƙwala mini kira. Na fito, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na faɗa.

"Baba, lissafinka ya ɓaci. Ya zo yau."

Ya kashe babur. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, hannun da ba komai a kai.

"Laifina ne," ya ce. "Ni da nake faɗa wa masu mota kati ba ya jin kukan inji, sai an sa kunne."

Kwana biyu ba gudu. Hanta, ugu, ruwan ɗumi a gora, tattaki a layinmu. Ranar gwaji ya tsaya a kaina sai da na shanye kunu na cinye ƙosai. Na yi gudu, mara na ciwo, amma ƙafa ba ta ci amanata ba. Na kammala cikin lokaci.

A bakin get na same shi, na ce, "Baba, wai ina ka koyi wannan duka?"

"Mamanki ma in hankalinta ya tashi, da wuri yake zo mata. Shi na manta." Ya sunkuya yana duba tayar da ba abin da ya same ta. "Shekara ashirin da biyu ina samo mata hanta mai araha. Har ta tafi ba ta taɓa cewa ta gane ba."

Na hau bayansa, na kifa fuska a rigarsa mai warin mai. Har gida ban ɗago ba.