Shatin Yatsan Hashim

Tun da Hashim ya rasu a hatsarin moto a hanyar Bande, mahaifiyarsa Zuwaira ba ta bar kowa ya taɓa na'urarsa ta wasan ƙwallo ba. Kullum bayan la'asar sai ta kunna ta, ta koma tsakar gida tana tankaɗe, ihun 'yan kallo na fitowa daga ɗakinsa kamar yana ciki.

Ranar Laraba ta ɗaga na'urar tana cikin aiki don ta share ƙarƙashinta. Sai ta ji ƙiii, hoton talabijin ya tsaya cak. Da ta ciro faifan, ga karce ya zagaye shi kamar an ja da ƙusa, ga kuma shatin babban yatsan Hashim a gefe.

Mai gyaran rediyo a kasuwar Magariya ya ce mata, "Inna, ki shafa masa man goge baki ki murza da tsumma, wani lokaci yakan tashi."

Ta murza har hannunta ya gaji, ta wanke, ta saka. Shiru. Ta ciro shi, ta ɗaga a hasken ƙofa. Karcen yana nan daram. Shatin yatsan ne ya tafi.