Iska ta Ƙasa a Rumbun Albasa

Malam Maccido ya sha raba gado da gonaki a Illela, amma ƙara irin wadda Uzair da Halliru suka kawo zaurensa bai taɓa jin ta ba.

Uzair mai gyaran babura ne, Halliru kuwa dillalin albasa, mijin ƙanwarsa. Tare suka haɗa wani rumbu mai fanka da ke aiki da hasken rana, albasa ta yi damina a ciki ba ta ruɓe ba. Wata lauya a Sakkwato ta ba su shawara su nemi rajistar ƙirƙira kafin wani ya kwaikwaya. Da aka zo kan sunan wanda ya ƙirƙiro, Uzair ya ba da nasa shi kaɗai.

"Malam, da hannuna na ƙera shi," in ji Uzair. "Shi mi yay yi?"

Halliru ya ce, "Ni nac ce iska ta shiga ta ƙasa."

Malam ya rasa ta inda zai kama. Abin da ma ya fi cin ransa shi ne, yaya iska take hana albasa ruɓa? Bayan la'asar ya sa suka kai shi gonar da rumbun yake, a Araba. Ya tattare riga ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin rumbun, ya ji sanyi na busowa.

"Don mi ta ƙasa?"

Halliru ya ce zafin albasa sama yake tashi. Uzair ya karɓe, ya ce fankar farko a bisa ya ɗaura ta, buhun gwaji ya lalace, sai ya sauko da ita, ya kuma rage mata gudu don kada albasar ta yamushe.

"Wa ya kawo dabarar rage gudun?"

A wajen mai shayi maganar ta fito suna gardama, babu wanda ya tuna bakin wa ta fara fita.

Nan take Malam ya sa aka kira lauyar a waya. Ta ce duk wanda dabararsa ta shiga aikin, sunansa na da gurbi. Sai ya ƙara tambaya, "Rajistar nan, tana aiki a Ƙonni, nan tsallaken iyaka?"

"A'a, Malam, iyakarta Najeriya."

Halliru ya sosa ƙeya. 'Yan uwansa na Ƙonni tuni sun zo sun ɗauki hoton rumbun. Uzair ya dube shi, sannan ya ce a rubuta sunaye biyu, shi kuma Halliru gobe ya tsallaka ya tambayo yadda ake yi a can.