Gurbin Auta a Allon Inna

Kwalin da Auta ya aiko ya iso ranar Talata da hantsi, kuma kafin a yanke ledar da aka naɗe shi da ita, Inna ta riga ta sa wa Auta albarka sau uku. Yaya, wadda ta tsaya a layi awa ɗaya da rabi kafin ta karɓo shi, tambaya ɗaya tak ta samu: ko ta tuna ta sayo maganin hawan jini.

Sabuwar kwamfutar hannu ce, irin wadda Inna ke kira allo. Tsohon allon ya shekara shida, ya tsage a gefe, kuma ba ya aiki sai an bar shi jone da caja kamar majinyacin da ake wa ƙarin ruwa. Yaya ta san irin waɗannan majinyata. Shekara talatin da biyu ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya ta dawo gidan mahaifiyarta, inda ta ci gaba da aikin, sai dai yanzu babu ranar hutu, babu kuma mai zuwa ya karɓe ta. Auta kuwa, ƙaninta, injiniya ne a wata ƙasa mai nisa, inda mutum ke iya ƙaunar uwarsa matuƙa ba tare da ya taɓa riƙe ta zuwa banɗaki ba.

Bayanin yadda za a yi ya zo daga Auta ta saƙon murya.

"Yaya, abin ba wuya. Ki shiga saiti a tsohon, ki yi ajiyar komai a intanet. In ya gama, ki kunna sabon, ki sa lambar sirrin da na turo miki, ki ce ya dawo da ajiyar. Sannan ki goge tsohon tas. Ke sai ki riƙe shi, ai zai yi miki amfani."

"Allah sarki, har da ke ya tuna," in ji Inna.

"Ya tuna, Inna. Da tsagaggen."

"Me kika ce?"

"Na ce Allah ya saka masa."

Da Inna ta kwanta barcin rana, Yaya ta jera allunan biyu a kan teburin cin abinci, ta ture gwangwanin sukari gefe, ta sa tabarau. Ta bi umarnin daki-daki. Allon ya yi ɗan tunani, sannan ya sanar da ita cewa wurin ajiyar ya yi kaɗan, sai an rage kaya. Ya jero mata abin da ke cikinsa, daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi, kowanne da alama a gefensa.

A can sama hirar Inna da Auta ce, ta cinye fiye da rabin wurin. Yaya ta yi ta gangarawa tana neman sunanta. Ta wuce matar Auta, ta wuce maƙwabciya, ta wuce mai gyaran famfo, sannan ta tsinci kanta a ƙasan kowa da saƙo bakwai. Duka bakwai ɗin ma ita ce ta tura wa kanta, a ranakun da take gwada ko intanet na aiki.

Ta koma sama ta cire alamar da ke gefen Auta. Nan take allon ya ce wuri ya wadata. Ta faɗa wa kanta cewa wannan tsari ne kawai, ai ko a asibiti idan gadaje suka yi kaɗan wanda ya fi daɗewa ake fara sallama. Ta kuma san cewa da zarar ta goge tsohon, shekara shida na hira za su tafi ba dawowa, kuma amsar tana nan a shirye: na'urar ce ta ƙi ɗauka.

Yatsanta na kan maɓallin farawa sai ta ga bai dace a sallami abu ba a duba shi ba. Wai me suke faɗa wa juna haka da ba ya ƙarewa? Ta rage sauti, ta taɓa saƙo ɗaya daga tsakiya.

"Yaya, kina ina? Ruwan wankan ya huce."

Ta waiga ƙofar ɗaki da sauri. Inna na nan tana minshari. Kwanan watan saƙon na shekarar waccan ne. Ta taɓa wani.

"Yaya, in kin kai kasuwa ki duba min silifas, ba irin na wancan karon ba."

"Yaya, hadari ya haɗo, kin bar shanya a waje."

"Yaya, wa ya ce ki ara wa mutane babbar tukunyata?"

Ƙarƙashin kusan kowanne akwai gajeriyar amsar Auta, cikin muryar mai danne dariya: "To, Inna."

Ba ta daɗe ba ta gane yadda aka yi. Inna ba ta karatu, idonta kuma ya yi rauni. Ranar da Auta ya kawo allon farko, ya sa hotonsa a kusurwar sama ta hagu, ya kama yatsanta ya nuna mata: nan za ki taɓa, ki danne, ki yi magana. Inna ta ɗauka nan ne kunnen allon baki ɗaya, kuma kamar kowane ɗan aike mai hankali, idan ka fara da sunan mutum, zai kai masa. Shekara shida ke nan ana rigima ɗaya a gidan. Inna ta ce, "Na aiko miki saƙo." Yaya ta ce ba ta gani ba. Inna ta ce, "Ba kya dai son gani."

Ta saurari arba'in a jere. Talatin da uku nata ne. Bakwai na Auta, kuma dukansu addu'a ce da sa albarka.

Mai sanyin zuciya zai iya jin daɗi ya ce ashe sunansa ne ya fi yawa a bakin uwarsa. Yaya ba ta ji daɗin komai ba. Albarka dai an san ta Auta ce, wannan tsohon zance ne. Amma faɗa da aike da ƙorafi su ne rabonta na halak, ta yi musu aiki da hannunta, sai ga shi su ma can aka kai.

Ta fita tsakar gida ta kira shi.

"Yaya! An gama?"

"Silifas ɗin da Inna ta ce a sayo shekarar waccan, ka sayo?"

Ya fashe da dariya. "Kin ji su ke nan. Wallahi Yaya, su ke sa in ji kamar ina gida. Ina tuƙi zuwa aiki, ina jin Inna tana miki faɗa."

"Wato ni ana ce min kurma, kai kana can kana shan nishaɗi."

"Na yi niyyar faɗa miki."

"Shekara shida kana niyya. Lallai aikin injiniya sai a hankali."

"Ki yi haƙuri." Muryarsa ta sauya. "Amma don Allah ki tabbata sun shiga ajiyar. Wayata ta faɗa ruwa bara, na wajen Inna kaɗai suka rage."

"Wuri ya yi kaɗan, Auta," in ji ta, ta kashe wayar. Ta ga babu laifi ya ɗan yi jira shi ma.

Ta dawo teburin ta mayar da alamar. Ba don tausayi ba ne. Mutum ba ya zubar da kayansa don kawai an ajiye su a ɗakin wani. Maimakon haka ta cire bidiyoyin da maƙwabciya ke turowa na maganin ciwon gwiwa, waɗanda a matsayinta na ma'aikaciyar jinya ta daɗe tana neman hanyar hallaka su. Ajiyar ta ci minti hamsin, dawo da ita a sabon allon ta ci kusan haka. Komai ya sauka a mazauninsa, har da hoton Auta a kusurwar sama ta hagu, yana murmushi da haƙoransa duka a waje.

Yaya ta dube shi na ɗan lokaci. Sannan ta ɗora yatsa a kan fuskarsa, ta danne har hoton ya fara rawa, ta ja shi can ƙasa ta dama kusa da agogo. Ta ɗauko nata ta sa a gurbin.

Da la'asar Inna ta farka, aka miƙa mata sabon allo. Ta shafa gilashin, ta ce santsinsa ya yi yawa, amma da yake Auta ne ya zaɓa, ba za a rasa dalili ba. Yaya ta shige kicin ta ɗora ruwan shayi. Ba a yi minti biyu ba wayarta ta yi ƙara a aljihu.

"Auta, allo ya iso. Allah ya yi maka albarka, ya raya maka zuri'a. Kai kaɗai kake tunawa da ni."

Ta saurara har ƙarshe. Ta sake saurara. Ta ce amin a hankali, tun da addu'a ba a barin ta a tsaye, kuma ba ta tura wa kowa ba. Wayar ta sake ƙara.

"Yaya, shayin nan sai gobe ne?"

"Na ji, Inna!" ta amsa da ƙarfi daga kicin.

Aka jiyo Inna cikin mamaki tana cewa, "Ikon Allah. Wannan sabon ya fi wancan isar da saƙo. Yaron nan ya san abu mai kyau."