Hankaka Ya Ƙi Curin Baba

…kuma ga su nan fa, ba wai babu ba. Hankaki bakwai a kan wayar lantarki, sau uku Madukar yana ƙirgawa. Ƙoshi ne ya yi musu yawa ko me? Curin shinkafa na kan dutse a bakin kogin Godawari tun hantsi, har ya fara tsagewa. Yau kwana goma da ƙone gawar Baba. In hankaka ɗaya kawai ya sauko ya tsaga curin, shi ke nan, mamaci ya tafi ba sauran buri a ransa. In kuwa suka ƙi…

Kan da aka aske wa Madukar ƙwal don makoki yana raɗaɗi. Jiƙaƙƙen zanen ma ya bushe a jikinsa.

Guruji, mai jan ibadar, ya ce a ja baya, kowa ya faɗi abin da zai cika wa mamaci. Kawu Wasant ya ce ba za a sayar da gonar inabi ba. Shiru. Matar Madukar ta ce za ta riƙe Inna kamar ita ta haife ta — su da ba sa ga maciji! Hankaki ko gezau. Sun san ƙarya, 'yan banza.

Warin magani, ran nan a asibiti. Yatsun Baba a wuyan hannunsa, sanyi ƙalau. "Kira mini Sulaba." Ba kowa a ɗakin sai su biyu. Sulaba… shekara tara ba a ambaci ƙanwar Madukar a gidan ba, tun da ta auri ɗan majema. Wa ya sauke hotonta daga bango? Wa ya ce da bakinsa 'yarsa ta mutu? Ba Baba ba ne? To yanzu kuma don me — zafin ciwo ne, ai zafin ciwo ne. Madukar ya ce to, ya fita baranda da waya, ya sha shayi, ya dawo ya ce ba ta ɗauka ba. Baba ya juya fuska bango.

Shi ya yi jinya, shi ya wanke, shi ya kwashe. Ita kuma ta shigo rana ɗaya, a rungume ta? Haushi ne. Kishi ne tsagwaronsa, kuma ya sani.

Guruji ya fara murɗa ciyawa. Hankakan ciyawa zai yi, a dangwala shi a curi a ce an gama, dangi su koma gida suna tambayar juna me tsohon ya tafi da shi a ciki.

"Ɗana, rana ta take. In ba abin da ya rage, mu yi da wannan."

To kawai zai ce, shi ke nan. Wa zai sani? Wa ya ji? Inna ce kaɗai ba ta kallon sama, shi take kallo. Tun yaushe?

Ya durƙusa gaban curin. Dutsen da zafi. Ya yi raɗa.

"Zan kira ta, Baba."

Fuka-fuki… ɗaya ya sauko. Taku biyu tsakaninsa da curin, ya karkata kai, ya zuba masa ido ɗaya. Bai taɓa ba. Jira yake.

Waya. Wayar na wajen Kawu, sai ya miƙa hannu kawai. Amma lambar — lambar da ya goge a barandar asibiti, kafin shayin ya huce…