Goyo a Tsohon Kurkuku

Duk shekara idan kaka ta yi, baƙi kan cika garin don makon tarihi. Akan buɗe musu tsohuwar kotu, da tashar jirgin da ta daina aiki, da kurkukun da aka mai da gidan tarihi. A nan Farfesa take aikin zagayawa da baƙi. Abokan aikinta ne suka laƙaba mata sunan don tsiya, saboda tarihi ta karanta a jami'a, ita kuwa ta ce a ci gaba, ai ya dace da ita.

Masu zagaye suna da wani salo a gidan. In an iso ɗakin horo, wanda da kyar yake cin mutum biyu, mai zagaye kan shiga da baƙo ɗaya, a turo musu ƙofa, su ɗanɗana duhun, a buɗe a yi dariya. Kubar ƙofar ta daɗe da mutuwa, tsatsa ta cinye ta. Abin da ba a gaya wa Farfesa ba shi ne, a shirin tarbar baƙi an kawo masu gyara, su kuma don son burgewa suka bi kowane ƙarfe suka goge, suka zuba masa mai.

"Wa zai shiga da ni?" in ji Farfesa.

Maza suka hau kallon rufi. Sai wata 'yar tsohuwa siririya ta miƙa wa 'yarta jaka.

"Inna, asmarki fa!" in ji 'yar.

"Ke tafi can. Na zauna da ubanki ɗaki ɗaya shekara da shekaru, wane horo ne ban gani ba?"

Aka kwashe da dariya, suka shiga, wani ya turo ƙofa. Farfesa ta ji wani ƙas da ba ta taɓa ji ba a duk zamanta a gidan. Ta tura ƙofar da kafaɗa, kamar ta tura dutse.

"Ku ja mana!"

"Muna ja, Malama! Ta ƙi!"

Warin mai da sabon fenti ya cika ɗakin. Tsohuwa ta yi tari, ta sake yi, sai numfashinta ya fara fita da shewa siririya. A waje 'yarta na ihu, ga abin shaƙar Inna a jaka, amma ƙofar ba ta da kafar da ko allura za ta bi.

Can aka ji muryar shugaban gidan. "Farfesa, kwantar da hankalinki. Mabuɗin na zauren gari, mun ba da aronsa don baje kolin makon tarihi. Na aika, sai dai hanya ta cushe da baƙi."

"Ranka ya daɗe, a ɓalle ƙofar!"

"Haba, wannan ƙofar ta girmi kakanki. Kin fi kowa sani."

Ta sani kuwa. A kan wannan ƙofar ta yi rubutun kammala karatunta. Hannun tsohuwa ya damƙo rigarta a cikin duhu, sanyi ƙalau.

"Ni na fi kowa sani, ni kuma nake cewa a ɓalle ta! In Innar nan ta mutu, kai za ka tsaya gaban 'yarta. Ka kore ni gobe in ka so!"

Sai ta ji yana cewa a kira kafinta.

Mashigar iska ɗaya ce a ɗakin: wata 'yar kafa can kusa da rufi, mai kallon kogi, inda ba mai iya hawa daga waje. Ko ta ɗora tsohuwa kan dakalin dutsen da ke ɗakin, ba za ta kai ba. Farfesa ta tuɓe takalma, ta durƙusa.

"Inna, hau bayana."

Ta ɗaure ta da mayafi, ta dafa bango, ta hau dakalin, ta miƙe kan yatsun ƙafa har fuskar tsohuwa ta kai kafar. Shewar ta ɗan lafa.

Nan ta tsaya. Guduma ta fara aiki a kan ƙofa, kowane bugu sai ƙura ta zubo musu a ka. Ƙwaurinta ya ɗau zafi, ya koma rawa, daga baya ta daina jin sa gaba ɗaya. Ita da take shiga ɗakin nan kullum tana ba da labarin waɗanda suka haukace a cikinsa, yau bangon ya matso har tana jin sa a haƙarƙarinta. Ta so ta kurma ihu, ta cije leɓe. In ta sauko da dugaduganta ko kaɗan sai shewar ta dawo, sai ta sake miƙewa.

Can ta ji kan tsohuwa ya yi nauyi a kafaɗarta.

"Inna! Inna, yi mini magana!"

Ba amsa. Hawaye ya ɓalle mata. Ta girgiza bayanta da ƙarfi kamar mai rarrashin jariri.

"'Yar nan," in ji tsohuwa da kyar, "a hankali. Ba ki iya goyo ba."

"Zage ni, Inna. Ki yi ta zagina, kada ki yi shiru."

Tsohuwa kuwa ta yi ta yi, kalma ɗaya-ɗaya, har ta gangara kan iyayen masu gyara, har katako ya tsage, haske ya faɗo ciki. 'Yar ce ta fara kutsowa, ta cusa wa uwarta abin shaƙa tun tana bayan Farfesa. Tsohuwa ta ja, ta sake ja, ƙirjinta ya buɗe.

Aka kwance mayafin aka sauke ta. Farfesa ta so ta sauko da kanta, ƙafafun suka ƙi. Ta ture hannun da shugaba ya miƙo mata, ta zame ta zauna a kan dakalin, tana sauraron numfashin tsohuwa yana shiga yana fita.