Inda Aurélien Yake Kama Muryarsa

Shekara goma sha biyu ina kaɗa wa Aurélien Coustet fiyano a falukan manyan Paris, kuma ni kaɗai na san asirinsa: mutumin nan ba shi da kunnen kiɗa. Murya kam Allah ya ba shi. Amma ba ya iya shiga waƙa sai na danna masa haɗin sautin nan na biyar, wanda ke jan kunne ya koma tushe. A kansa yake taka ƙafa kamar matakala.

Ni kuwa a nawa kiɗan na daina amfani da shi. Ina son sautuka su zame tare, ko su tsaya a iska ba su nuna gida ba. Da wani mai buga littattafan kiɗa ya nemi ra'ayinsa kan kiɗan da na rubuta, a gabana Aurélien ya kwashe da dariya.

"Na Léonie? Haba yallaɓai, ai miya ce ba gishiri. Ku bar baiwar Allah ta ci gaba da bina a baya."

Aka maido min takarduna ko buɗe su ba a yi ba. Na yi kuka a jirgin ƙasa, na kuma ƙullace shi.

Ran Lahadi da la'asar muka je yin waƙa a gidan wata attajira, Madam Sarrazin. Shugaban gidan opera, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, na zaune a gaba, ya zo ya ji ko Aurélien ya isa a ɗauke shi. Aurélien ya kusa shekara hamsin, ba zai sake samun wannan damar ba.

"Ki danna min da kyau, 'yar nan," ya raɗa min. "Ban da hazon nan naki."

"Kwantar da hankalinka, maigida."

Baitin farko na ba shi abinsa, ya shiga yana hura hanci. Da muka zo babban wurin waƙar, sai na shimfiɗa sautuka shida masu tazara ɗaya, babu wanda ya fi wani kusa da gida. Ya ja numfashi, ya buɗe baki, ya rasa inda zai kama. Ya juyo yana roƙona da ido. Wallahi daɗi na ji har cikin ƙashina. Na riƙe sautin sai da ya mutu da kansa.

Shugaban ya miƙe, ya ratsa ta gefen Aurélien bai ko kalle shi ba, ya tsaya a kaina.

"Madam, wa ya rubuta wannan wurin?"