Ɗan Sarkin da Dogo Ya Talauta

Dogo guga yake yi a wani gidan wanki da ke bayan babban otal. Tun safe yake tsayawa gaban tebur, tururi na dukan fuskarsa, rigunan mutanen da bai taɓa gani ba suna zuwa a yamutse suna tafiya a miƙe. Kafin a tashi ƙafafunsa sun kumbura. Takalmin da ya shiga lafiya lau da safe, sai ya take bayansa ya ja shi zuwa gida.

Gidan ciki da falo ne a saman bene, taga ɗaya na kallon bangon maƙwabta. Matarsa tela ce, amma idanunta sun gaji. Likita ya ba ta maganin ɗigawa, ya ce ta bar keke, ta bar allura, ta bar duk wani ƙaramin rubutu sai abin da hali ya yi. Keken bai dame ta ba, tsohon zane ta samu ta lulluɓe shi. Littattafan ne suka tsaya mata a rai. Tun tana budurwa take karanta labaran soyayya da na aljanu, har tukunya ta sha ƙonewa a kansu.

Sai Dogo ya ce shi zai riƙa karanta mata. Karatunsa bai yi nisa ba, da yatsa yake bin layi, doguwar kalma kuwa sai ya tsaya ya kalle ta kamar mai shirin tsallake kwata. Ta ce ba komai, ai ba tsere ake yi ba.

Haka suka saba. Da yamma in ya dawo, ya tsoma ƙafafunsa a roba mai ruwan ɗumi, ita kuma ta kwanta a doguwar kujera da jiƙaƙƙen ƙyalle a kan idanunta. Littafin na ƙanwarta ne, Auta, ita ta ara musu. Labarin wata yarinya ce mai gyaran komar kamun kifi a bakin teku, da ɗan sarkin da ke mulkin ƙarƙashin ruwa. Gidansa na gilashi ne, kifaye na wucewa ta taga, yana kuma da wani ƙaton tsuntsu da ke ɗaukarsa ya kai shi inda ya ga dama.

Da fari har Dogo yana jin daɗin abin. Sai ranar da suka kai inda ɗan sarki ya buɗe wa yarinyar wani ɗaki cike da tufafi, ya ce mata waɗannan ba sa datti, ba sa yamutsewa har abada. Matar Dogo ta ja dogon numfashi ta ce, “Kai! Wasu matan dai da sa'a aka haife su.”

Dogo ya ɗaga kai ya dubi tabon yoyo a rufi, ya dubi durowar kayansu da aka ɗaure ƙofarta da igiya. Ya dubi hannunsa, duk tabon dutsen guga. Tsoro ya kama shi, irin wanda ba a faɗa wa kowa: kada wata rana ta cire ƙyallen nan daga idonta, ta fito daga gidan gilashi, ta dubi ɗakin nan da mijin da ke cikinsa, ta ga an cuce ta.

Washegari da ya buɗe littafin, yatsansa na kan layi, amma bakinsa ya bi wata hanya. Ya ce wata guguwa ta taso a ƙarƙashin teku ta fasa gidan gilashin.

“Duka?” in ji matar.

“Duka. Ko taga ɗaya ba ta tsira ba.”

“To, tufafin fa?”

“Ruwa ya tafi da su.”

Daga nan kuma babu komawa baya. Ya fito da ɗan sarki kan tudu. Ya sa wa tsuntsun ciwon fiffike. Ya kama wa ɗan sarki da yarinyar ɗakin haya, ya nema masa aikin dako a kasuwa, ya ba shi ciwon baya. Yana magana yana juya shafi lokaci-lokaci don ta ji ƙarar takarda.

Ashe ƙirƙirar labari ya fi guga wahala. Yini yake yi yana tunanin abin da zai faru da ɗan sarki, har ya bar dutse a kan wuyan wata farar riga ta yi ja, shugaban aiki ya wanke shi tas a gaban mutane. Ya riƙa dawowa gida da gajiya biyu, ta ƙafa da ta kai. Ita kuma matar ta daina dariya, ta daina cewa a ƙara mata shafi ɗaya. Wani lokaci sai ya ji numfashinta ya canja, barci ya ɗauke ta ɗan sarki na tsakiyar cinikin buhu.

“Marubuciyar nan ba ta da tausayi,” ta ce wata rana. “Mutum bai ji da tasa ba, sai a ƙara masa da ta wani.”

Ranar hutunsa, da rana tsaka, Auta ta zo. Tun daga matakala ake jin muryarta. Ta shigo ta yar da jaka, ta dubi Dogo yana gyaran wayar fanka.

“Mijin Yaya, yau ma ba a fita ba? Kai da ɗakin nan kamar kunkuru da ƙoƙonsa.”

“In na fita wa zai kore ki?” ya ce.

Ta zauna kusa da yayarta, suka gaisa, ta tambayi ido. Can ta hango littafin a kan keken ɗinki.

“Yaya, ina kuka kai? Kun zo wajen bikin? Inda tsuntsun ya ɗauke su ya kai su sama suka kewaya wata?”

“Wane biki? Tsuntsun da ke kwance ba lafiya?”

“Wane tsuntsu ne ba lafiya?”

“Na ɗan sarki mana. Ai tun da gidan ya fashe ba su ƙara ganin daidai ba. Jiya ma mai gidan haya ya yanke musu ruwa.”

Auta ta saki baki. Ta dubi yayarta, ta dubi Dogo, wanda ya duƙufa kan fanka kamar ransa na cikinta. Sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

“Mai gidan haya! A ƙarƙashin teku! Mijin Yaya, me bawan Allahn nan ya yi maka? Mutum da mulkinsa ka mai da shi ɗan haya?”

“Ɗan dako ne ma yanzu,” in ji matar a hankali. Ita ba dariya take yi ba.

“Wayyo cikina! To ai da ka ba shi aikin guga, ko ya samu na shayi.”

Dogo ya yi murmushin yaƙe. Auta ta ga fuskar yayarta, ta daina dariyar. Ta sha ruwa, ta kawo hirar wata ƙawarta da ba wanda ya saurara, ta ɗauki jaka ta ce tana da wajen zuwa.

Ana jin wani yana wanke mota a ƙasa.

“Maigida,” ta ce. “Ajiye fankar nan.”

Ya ajiye.

“Ni makauniya ka ɗauke ni ko yarinya?”

“Ba ko ɗaya.”

“To me ya sa?”

Ya daɗe yana murza yatsunsa. Maganar ta yi masa nauyi, da ƙyar ta fito. “Cewa kika yi wasu matan da sa'a aka haife su.”

Ta shiga neman ranar da ta faɗi haka. Da ta tuna, sai ta dafe goshi.

“Don wannan? Don wannan ka rushe wa mutane gida?”

“Na ga ni ba ni da abin da zan…”

“Tsaya, Maigida. Yini nake yi a ɗakin nan ina kallon bango. Ciwon baya ina da shi a gida, kullum ni ke shafa masa magani. Mai gidan haya ina da shi, na san tafiyarsa a matakala. Wuri ɗaya ya rage mini da zan je in sha iska in dawo, shi ma ka bi ni can da buhu a ka.”

“Tsoro na ji kada ki je ki ƙi dawowa.”

“In zauna a ƙarƙashin ruwa? Ni da ko rijiya ba na iya leƙawa?” Ta kusa yin dariya, amma ta danne. “Wannan mutumin na littafi, a littafi yake da daɗi. Ka taɓa ji an ce ya ɗiga wa wata magani a ido? Ka taɓa ji ya dawo da kumburarriyar ƙafa ya ce bari in karanta miki? Ina son in ji labarinsa ne, ban ce ina son in zauna da shi ba. Da a ce ɗakin nan ya gundure ni, ai da ka ji a bakina, ka san ba na ɓoye magana.”

Dogo ya sunkuyar da kai. Wani abu da ya daɗe a ɗaure a ƙirjinsa ya fara kwancewa, sai gajiyar ta sauko masa gaba ɗaya, har ya ji kamar ya kwanta a nan ƙasa.

“Ki yi haƙuri,” ya ce.

“Haƙuri sai ka mayar wa mutumin nan da gidansa. Ɗauko littafin.”

Ya ɗauko. Ya sha wahala kafin ya gano inda ya saki hanya, don ya juya shafuka da yawa da bai karanta ko layi ɗaya a cikinsu ba. Ita kuma ta jiƙa ƙyallenta, ta kwanta, ta miƙe ƙafafu ta ɗora su a cinyarsa, tun da kujerar ba ta isa mutum biyu ba.

Ya fara, yatsa a kan layi. Gidan gilashin yana nan daram. Ɗan sarki ya kama hannun yarinyar ya hau da ita wani bene da aka gina da ƙashin kifi, kowace matakala na waƙa in an taka ta. Dogo ya ci karo da wata doguwar kalma, ya tsaya, ya faɗe ta gutsure-gutsure, ta haɗa masa ita.

“Kai!” ta ce, ta ja numfashi. “Wannan gida!”

Ya saci kallonta. Murmushi take yi a ƙarƙashin ƙyallen, babban yatsan ƙafarta na motsi a cinyarsa. Ya jira tsoron nan ya sake taso masa, bai ji komai ba.

“Amma fa ina tausaya wa mai goge gilashin,” ta ƙara. “Me ka tsaya yi? Me ke saman benen?”

“Ni ma ban sani ba,” in ji Dogo. Ya lashi yatsa ya juya shafi.